Rijiyata tana shan iska tun da maƙwabcina ya sa sola: laifinsa ne ko na Gash?

Ɗan_Sagiya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina cikin damuwa, kuma na san akwai manoma da masu ilimin ruwa a nan. Ina da lambu fadan huɗu a sawagin kudu, nan Kasala, gadon mahaifinmu ne. Rabi ayaba, sauran lemo da gwaba, in sanyi ya shigo mu sa albasa. Rijiyar da muke ban ruwa da ita ta girme ni. Ina yaro, in kogin Gash ya wuce, igiya gaba biyar ke taɓa ruwa. Sau biyu muna ƙara mata zurfi da hannu, sau biyu muna sauke babur ƙasa cikinta.

Bara maƙwabcina ya kawo mota ta haƙa masa burtsatse, ya zura gattas, ya jera faifan sola a kan rumfa. Tun daga nan, da hantsi ya ɗaga sai babur ɗina ya soma tari yana shan iska. Da asuba akwai ruwa, kafin azahar babu. Ayabar da ke ƙarshen lambu ganyenta ya fara ƙonewa.

Tambayata biyu ce. Shi ne ya janye min ruwa, ko dama ƙasar ce ta gaji? Sannan ina da shanu uku. In sayar in haƙa irin tasa, ko in sare ayabar? Bakin mutum tara ke ci daga lambun nan, ban da 'yan'uwan da suka sauka wurinmu daga Hartum tun da yaƙi ya ɓarke.

Abu_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, Yaya. Ba kai kaɗai ba ne. Mu a sawagin arewa na san lambu uku da aka bari suka bushe, masu su sun koma tuƙa raksha cikin gari. Kada dai ka yi gaggawar sayar da shanu.

Sola_Gadarif:
Na san a kanmu za a sauke. Ni sana'ata ke nan, ina haɗa wa manoma sola, ba zan ɓoye ba. Amma a yi adalci. Shi mai tambaya da bakinsa ya ce sau biyu suna ƙara wa rijiyar zurfi tun kafin a san wata sola. To wa ya janye ruwan a lokacin? Kuma ku tuna halin da aka shiga daga Afrilun 2023. Jaz ya yi tsada, wani lokaci da kuɗinka ba ka samu, wuta kuma ta zama baƙuwa. Lambuna nawa ne suka rayu don kawai akwai faifai a kan rumfa? Da babu sola da albasar da kuke ci ma ba ku gan ta ba. Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ka haƙa taka ka huta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Injiniya_Bala:
Ɗan_Sagiya, amsar tambayarka ta farko ita ce duka biyun, amma bari in rarrabe maka su.

Ruwan da ke ƙarƙashin sawagi na Gash ne. Kogin yana saukowa daga tsaunukan Eritiriya, inda suke ce masa Mareb, ya yi gudunsa kamar wata uku, daga Yuli zuwa Satumba, ya je ya baje a ƙasar Aroma ya ƙare a can. Abin da ya tsuma cikin yashi da tsakuwar da ke ƙarƙashinsa a waɗannan watanni, shi gari ke sha, shi lambuna ke sha, har shekara ta zagayo. Rumbu ne da ake cikawa sau ɗaya a shekara. In ana ɗiba fiye da abin da aka zuba, bana a sauka taƙi, baɗi a sauka kamu. Wannan ita ce gajiyar da kake faɗa, kuma ta daɗe.

Sai na maƙwabci. Duk rijiyar da ake ja da ƙarfi, ruwan da ke kewaye da ita lotsawa yake yi kamar mazurari: a bakin bututu ya fi sauka, kana nisa yana komawa daidai. In rijiyarka ta faɗa cikin mazurarinsa, muddin injinsa na aiki naka ruwan ƙasa zai yi. Dare ya yi, injin ya tsaya, ruwa ya dawo. Abin da ka kwatanta ya yi kama da wannan ƙwarai. Amma tsohuwar rijiya ita ma tana yin haka da kanta, in ana janta fiye da yadda take tsatstsafowa. Don haka kada ka kama sunan kowa sai ka auna.

Ka sami igiya ka ɗaura mata ɗan dutse, ka yi alama a bakin rijiya. Kwana biyu kada ka tayar da babur. Ka auna da asuba, da azahar, da bayan magariba. In ruwa ya sauka da rana alhali kai ba ka ja ba, wani ne ke ja.

Ka kuma sani babur tsotso yake yi, kuma tsotso ba ya wuce mita 7 zuwa 8 komai ƙarfin inji. Shi ya sa kuka yi ta bin ruwan da shi zuwa ƙasa. Gattas kuwa cikin ruwan yake zaune yana turowa sama, ba ruwansa da wannan iyaka.

Malam Sola_Gadarif, ban ƙi taka ba, sola ta ceci mutane. Sai dai tsadar jaz ita ce linzamin. Mai jaz yana ƙirga sa'a, da kwami ya cika ya ruga ya kashe. Mai sola tun fitowar rana har faɗuwarta ba abin da yake ƙirgawa. Na sha ganin ruwa na malala kan hanya, mai lambu na gida yana barci.

Musa_Kadawa:
Don Allah 'yan'uwanmu na Sudan ku riƙa tausaya mana mu na Kano. Mene ne gattas? Mene ne sawagi? Kuma ta yaya ake sauke babur cikin rijiya? Mu a nan babur hawansa ake yi.

Abu_Hafsa:
Hahaha, Malam Musa, namu ba a hawa, in ka hau sai dai ka ƙone. Babur injin ban ruwa ne mai shan jaz, wato man dizal. Gattas famfon da ake zurawa cikin ruwa. Sawagi jam'in sagiya ne, lambunan bakin kogi. Fadan kuma ma'aunin gona ne, murabba'in mita 4,200, ya ɗan fi eka. Hausa ce dai, ta sha ruwan Nilu.

Maman_Zahra:
Ku maza kuna maganar ayaba, mu muna maganar tukunya. Ina Garbal Gash. Da a unguwarmu famfo na kawo ruwa kullum, yanzu in rani ya tsananta sai mu kwana uku muna sauraron bututu. Sai mai karo, wato mai sayar da ruwa a amalanken jaki, shi ma farashin barmil ya ninka abin da muka sani, ba kuma laifinsa ba ne, jakinsa ya fi da nisan tafiya. Gidana yanzu iyali uku ne a ciki. Ruwan wanka a tara a wanke tsakar gida, ruwan wanke shinkafa a ba akuya. Sai in bi ta gefen wani lambu in ga ruwa na kwarara cikin kwata kamar ba gobe, raina ya ɓaci. Injiniya ya ce rumbu ɗaya ne. To in rumbu ɗaya ne, wa ya ce ayaba ta riga yaro ɗiba? Ba da kai nake ba, Ɗan_Sagiya, na san kai ma ƙishin ne ya kawo ka.

Alhaji_Dawasir:
Ɗana, bari in ba ka abin da idona ya gani, ka yi abin da ka ga dama da shi.

Na shiga Saudiyya ina saurayi. Na yi shekaru ina tuƙa tarakta a gonar alkama a Wadi Dawasir, daga baya Ha'il. A lokacin hukuma na ba da fili, tana ba da bashin da babu ruwa a kansa, tana kuma sayen alkamar da farashin da ya ninka na kasuwar duniya. Zuwa 1984 ƙasar ta wadatu da alkama, farkon shekarun 1990 har tana sayar wa waje. Ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara! Dogon bututu ne a kan tayoyi yake kewaya gona yana yayyafi dare da rana, in kana cikin jirgi sai ka ga kamar an jera faya-fayai kore a kan hamada. Ruwan da zafinsa yake fitowa saboda zurfi. Mu ma'aikata muna ganin albarka ce. Amma duk bayan ɗan lokaci sai motar haƙa ta zo, a ciro famfo, a ƙara bututu, a mayar. Ba wanda ya taɓa cewa komai. Mai gona ya ƙara, maƙwabcinsa ya ƙara. Masu ƙananan gonakin dabino da rijiyoyin hannu su suka fara tashi.

A 2008 hukuma ta ce za ta riƙa rage sayen alkamar gida, a 2016 ta daina. Manoma suka koma barsim, ciyawar dabbobi, wanda ya fi alkama shan ruwa tun da shi duk shekara ake yanka. A ƙarshen 2018 shi ma aka hana manyan gonaki nomansa. Amma kafin nan an riga an yi ɓarna. Tafkunan Laila na Aflaj, inda mutane ke zuwa iyo, yau ramuka ne busassu. Idanun ruwan Ahsa da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna ɓuɓɓuga da kansu, suna shayar da dabino sama da miliyan 2, sun daina sai da inji.

Kuma shanun madara ba su daina cin ciyawa ba, wurin noman kawai aka sauya. A 2014 kamfanin Almarai ya sayi gona a Arizona ta Amurka yana noma barsim yana kawowa. Can ma manoma suka yi ta kuka a kan ruwansu, har a 2023 gwamnatin jihar ta soke hayar wasu filayen da ta ba su.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In akwai ruwan.

Sola_Gadarif:
Baba Alhaji, da girmamawa, ai babu sola a labarin nan naka. Da dizal suka ƙarar da ruwansu.

Alhaji_Dawasir:
Dizal ɗin da ya kusa zama kyauta, ɗana. Ka sake karantawa.

Ummu_Basma:
Ni ina ganin kwatancen bai zauna daidai ba. Na karanta labarin ƙasa a jami'a kafin yaƙi ya tarwatsa mu. Ruwan da Saudiyya ta kwasa tsohon ruwa ne, ya taru tun dubban shekaru lokacin da hamadar ke samun damina, ba mai mayar da shi. Na Kasala kuwa Gash na zuba sabo duk shekara. Shekarar da ya zo da ƙarfi rijiyoyi na tasowa, duk mai lambu ya san haka. Kada a tsorata bawan Allah ya sare gonarsa a kan abin da bai same shi ba.

Injiniya_Bala:
Ummu_Basma ta yi gaskiya, kuma wannan bambanci shi ne abin da ya rage mana na sa rai. Namu yana warkewa in an sassauta masa. Amma namu ƙarami ne, siririn zirin yashi ne a gefen kogi, ƙarƙashinsa dutse. Akwai inda za ka haƙa ka taras da dutsen, daga nan ko shanu talatin ka sayar ba ƙari. Wannan nake so Ɗan_Sagiya ya bincika kafin ya kira mai mota: maƙwabcin a mita nawa ya tsaya, kuma me ya tsayar da shi?

Irin ruwan da Alhaji ke faɗa muna da shi a Sudan, amma a arewa, cikin dutsen yashin Nuba da muka yi tarayya da Masar da Libiya da Cadi. Shi Libiya ke ja ta kai biranen bakin teku. Kuma akwai kamfanonin ƙasashen Larabawa da suka kama manyan filaye a jihohin arewa suna noma barsim da irin bututun da ya kwatanta, wasu da ruwan Nilu wasu da na ƙasa, a ɗaure a kai Fot Sudan a loda a jirgi. Ciyawa ake gani a mota, amma ruwa ne ke fita.

Mai_Hawasha:
Ni dariya ma kuke ba ni, ta takaici. Ku kuna rigima a kan ruwan da ba a gani, mu a Jazira ga Nilu a gabanmu muna ƙishi. Madatsar Sinnar tun 1925 take, fili sama da fadan miliyan 2, ruwa na gangarowa da kansa ba inji. Yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1959 ta ba Sudan mita kubik biliyan 18.5 a shekara, Masar biliyan 55.5. A takarda ba mu da matsala. Amma Shuɗin Nilu da laka yake zuwa, tur'a, wato magudanar ban ruwa, ta cika da laka da ciyawa, ga yaƙin da ya shigo Madani a Disambar 2023 ya tsayar da komai. Hawashata, wato gonata, a wutsiyar tur'a take. Na gaba ya dasa babur ya zuƙe kafin ya iso ni, in na yi magana ya ce shi ma dawarsa ke mutuwa. Gaskiya kuma yake faɗa. Ɗan_Sagiya, ciwonmu ɗaya, kai naka na ƙasa ne ni nawa na sama.

Kaka_Maiurno:
Jikata ce ke rubuta min, ni ido ya yi rauni. Ta karanta min zancenku tun daga fari.

Kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bi Mai Wurno har suka sauka nan bakin Shuɗin Nilu. Noman bakin kogi suka kama, in ruwa ya janye a shuka a laka. Ni na riski sagiya ta ainihi, ba sunan da kuke kiran lambu da shi yanzu ba. Ƙafa ce ta itace da tukwane a jere, sa biyu na kewayawa, yaro na zaune a baya da tsumagiya. Kukanta tun daga nesa kake ji. Na yi wannan zama ina yaro har barci ya sha kayar da ni. Abin da nake so ku gane, sa yana gajiya. In ya gaji a kwance shi, rijiya ita ma ta huta ta tara. Ba wai mutanen da sun fi ku tsoron Allah ba ne, a'a, akwai masu haɗama a cikinsu ƙwarai. Ƙarfin ne babu. Ku kun samu abin da ba ya gajiya, to sai ku nemo wanda zai riƙa ce masa ya isa.

Ka gaida mutanen Kasala. Na sha ruwan rijiyar Totil ta can sau ɗaya, an ce wanda ya sha sai ya koma, ni dai har yau ban koma ba.

Musa_Kadawa:
Allah ya ƙara wa Kaka lafiya. Wallahi mu ma a fadamunmu haka ne, kowa da ɗan injinsa da 'yar rijiyarsa, in Maris ya yi sai ka ji ana ta faɗa.

Ɗan_Aroma:
Duk kun manta da babban ɓarawo: muskit. An shigo da itacen nan Sudan tun 1917 don ya tare yashi, ya zo ya fi ƙarfin kowa, har a 1995 aka ba da umarnin a kawar da shi. Ku zo ƙasar Aroma ku gani, ya cinye filayen da Gash ke malalewa, ya toshe hanyoyin ruwa. Saiwarsa na bin ruwa ƙasa fiye da rijiyar hannu, ba ya barci, ba ya jiran rana. Ka sare shi bana, baɗi ya fito da 'ya'ya goma, awaki na ci suna baza irin. Mu da gawayinsa muke ɗan ramawa. Kafin ku kama wuyan juna ku dubi abin da ke bakin shingenku.

Matashin_Taka:
Ni ban ga abin dogon zance ba. Mutum ya kashe maka rijiya kana tambayar ko ka sayar da shanu? Ku taru ku je ku sauke masa faifan nan, in ya so ya kai ƙara.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Matashin_Taka, ba a ba da irin wannan shawara a nan. Wannan gargaɗi ne na farko. A ci gaba da magana cikin mutunci.

Malam_Idi:
Bismillah. Matashi, ɗana, ɓarna ba ta gyara ɓarna.

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a wurin malamai. Ya zo a hadisi cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Ya kuma zo cewa ba a hana rarar ruwa, kuma babu cuta babu cutarwa. A kan wanda ya haƙa rijiya cikin filinsa ta janye ruwan ta maƙwabci, malaman fiƙihu sun saɓa. Wasu sun ce a hana shi saboda cutarwar. Imam Shafi'i yana ganin mutum na da ikon sarrafa mulkinsa. Na kawo saɓanin ne don kada wani ya ɗauki hadisi ɗaya ya tafi ƙofar gidan mutum yana huci.

Sai dai su malaman nan rijiyar guga suka sani. Injin da zai zuƙe unguwa guda a yini bai zo a zamaninsu ba, kuma ni a fahimtata cutarwar da aka auna aka tabbatar ba a kau da kai daga gare ta. Shi ya sa shawarar Injiniya ta auna tukuna ta dace da shari'a, don zato ba hujja ba ne. In ta tabbata, a nemi dattawan sawagi da limami a zauna. Mu tuna rijiyar Ruma a Madina, da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a. Ba a ce kowa ya yi haka ba, amma wanda Allah ya ba zurfi ya san akwai haƙƙi a kansa.

Ɗan_Sagiya:
Na gode ƙwarai jama'a, ku gafarce ni na yi shiru kwana huɗu, awo nake yi.

Injiniya, na yi yadda ka ce. Babur a kashe, daga asuba zuwa azahar ruwa ya sauka kamu biyu da ɗan ɗori. Bayan isha ya fara dawowa. Kwana biyu a jere haka. To amma da na zagaya sai na taras ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu burtsatse biyu da aka yi a bayan lambunsa, ɗaya ma ban san da ita ba. Yanzu ban san mazurarin wa na faɗa ba.

Matashin_Taka, wanda kake cewa in sauke wa faifai ɗan kawuna ne, kuma wan matata. Tare muka yi karatun allo. Na je na same shi da igiyar a hannuna. Bai musa ba. Ya ce gwal ɗin matarsa ya sayar da ƙasar gadonsa ta Gadarif kafin ya yi wannan aiki, in ya rage ja da me zai mayar? Ya ce a dutse mai mota ya tsaya, ba shi ya ce a tsaya ba.

Ga abin da ya kawo: zai ja min bututu daga tasa zuwa lambuna, in riƙa samun ruwa daga azahar zuwa la'asar, ni kuma in ba shi rubu'in ayabar da na sare. Tun jiya nake juya maganar. Wani ɓangare na zuciyata na cewa ruwana ne fa zan saya.

Maman_Zahra:
Ruwanka ne za ka saya, da namu a ciki. Amma in ni ce kai zan karɓa zuwa damina, don matarka ce za ta tsaya tsakanin miji da wa, kuma ita ba ta haƙa komai ba.

Abu_Hafsa:
Rubu'i ya yi yawa, Yaya. A wajenmu mai ruwa na karɓar irin wannan kaso ne lokacin da yake sayen jaz da gyaran inji. Shi wannan me yake saya? Ka sa Malam ko wani dattijo ya shiga, a rubuta, a sa wa'adi. Abin da ba a rubuta ba tsakanin dangi shi ke raba zumunci.

Sola_Gadarif:
Me yake saya? Gattas ba ya ƙonewa? Faifai ba ya fashewa? Ku dai ba ku son a ce mai sola ya yi abin kirki.

Injiniya_Bala:
Maganar dutsen nan ita ce ta fi komai muhimmanci a abin da ka kawo. In shi ya taɓa dutse, kai ma can za ka tsaya, ku zama huɗu kuna tsotson ƙwarya ɗaya. Ni ba zan sayar da shanu a kan haka ba.

In za ka kashe kuɗi, kashe su a kan rage sha. Ayaba na cikin amfanin da ya fi kowane shan ruwa a sawagi, ga shi ba ta haƙuri da ƙishi ko na 'yan kwanaki. Lemo ya fi ta juriya, kuma yana karɓar ban ruwan ɗigo, siririn tiyo mai huji a gindin kowace bishiya. Magudanar ƙasa da kuke bi ma tana shanye nata kafin ruwa ya isa kwami. Amma in faɗi gaskiya, na ga inda aka sa ɗigo, ruwa ya ragu, sai mai lambu ya ce to bari in ƙara fadan biyu. In ba a zauna an yarda a kan sa'o'in ja ba, ku huɗun nan da na bayanku, dabara ba za ta yi komai ba.

Ummu_Basma:
Kuma a jira a ga Gash na bana. Ba banza ake ce masa mahaukaci ba. A 2003 ai cikin gari ya shigo ya rushe gidaje.

Alhaji_Dawasir:
'Yata, mu ma a can kullum akwai abin da ake jira.

Ɗan_Sagiya:
Dillalin shanu ya zo da safe na ce ya dakata. Na sare layi biyu na ayabar da ta riga ta ƙone, na zuba ganyen a gindin lemo don ya riƙe laima. Juma'a bayan masallaci za mu zauna da shi da kawu, na kuma aika wa masu sauran burtsatsen biyu, ɗaya ya ce zai zo, ɗayan bai amsa ba. Abu_Hafsa, in kana da wanda ya taɓa rubuta irin wannan takarda a sawagin arewa, turo min yadda suka tsara ta kafin ranar. Injiniya, igiyar zan ci gaba da aunawa kullum ne, ko sau ɗaya a mako ya isa?